Idan rayuwa ta juya: me ya rage a faɗa wa mutum bayan "yi haƙuri"?

Zariya gari ne da kullum ake shigowa ana fita. Tun da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kowace shekara dubban yara ke sauka a Samaru da Kongo da akwatunansu, wasu dubban kuma su tattara su tafi bautar ƙasa. A Dafo, barikin horar da sababbin sojoji, ana aske wa kurata kai, bayan 'yan watanni a watsa su sassan ƙasar nan. A Shika akwai wanda ya shiga asibiti da ƙafarsa, ya fito da labarin ciwon da zai zauna da shi har ƙarshen rayuwa. A cikin Birni kuwa, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, ba a rasa ɗaurin aure, ba a rasa jana'iza, ba a kuma rasa matar da ta dawo gidan iyayenta da takarda a hannu. Dukansu rayuwar da suka saba da ita ta ƙare, wadda za ta maye gurbinta kuwa ba ta zauna ba tukuna.

Abin da muke faɗa musu kusan iri ɗaya ne. "Yi haƙuri." "Haka Allah ya so." "Allah ya sa hakan ne mafi alheri." Maganganu ne na gaskiya, kuma duk wanda aka taɓa yi wa rasuwa ya san sanyin da suke sa wa zuciya. Damuwata ita ce mun mai da su ƙarshen zance. Mu faɗa, mu shafa fatiha, mu sa takalmi. Alhali addinin nan ya tanadar wa mai irin wannan hali abubuwa masu yawa: ya gaya masa hukuncin da ya hau kansa, ya yanka masa lokaci, ya ɗora wa na kusa da shi nauyi. Yawancin wahalar da mutane ke sha a irin wannan gaɓa daga watsi da waɗannan take tasowa.

A fara da sauyin da mutum ke da ta cewa a cikinsa: aure, ƙarin aure, ajiye aiki a kama kasuwanci, tashi daga gari, karɓar gurbin karatu a ƙasar waje. Abin da ke hana mutum barci a nan shi ne tsoron kada ya yi zaɓen tumun dare. Wannan tsoro ne ke kai mutane wurin masu duba. A buga ƙasa, a ja carbi, a ce "akwai haske" ko "akwai duhu a tafiyar", a karɓi abin sadaka. Wasu ma sun laƙaba wa abin sunan istihara, har a ce kawo sunan yarinyar da na mahaifiyarta, malam zai kwana a kai. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta dare arba'in ba. Mutane da yawa sun san wannan hadisi, suna kuma zuwa, domin ba a nuna musu abin da za su yi da fargabar da ke cikinsu ba.

Istiharar da Manzon Allah (SAW) ya koyar tana cikin hadisin Jabir ɗan Abdullahi da Buhari ya fitar, inda ya ce yana koya musu ita a kan dukkan al'amura kamar yadda yake koya musu sura daga Alƙur'ani. Mai buƙata da kansa zai yi raka'a biyu ba na farilla ba, sannan ya roƙi Allah: idan ka san al'amarin nan alheri ne gare ni a addinina da rayuwata da ƙarshen lamarina, ka ƙaddara mini shi, ka sauƙaƙe shi, ka sa mini albarka a ciki, idan kuwa sharri ne, ka kawar da shi daga gare ni, ka kawar da ni daga gare shi, ka ƙaddara mini alheri duk inda yake, sannan ka sa in yarda da shi. Shi ke nan. Babu zancen mafarki a ciki, babu ganin fari ko kore, babu wakilci da kuɗi.

Ƙarshen addu'ar nan ne ya fi tsaya mini a rai. Mai istihara ba labarin gobe yake nema ba. Yana roƙon a zaɓa masa, yana kuma roƙon zuciyar da za ta iya zama da zaɓin. Saurayin da ya shekara uku yana neman yarinya, aka wayi gari an ba wani, ba ƙarin bayani yake buƙata ba, zuciyarsa ce ke buƙatar a kawar da ita daga abin, kuma addu'ar ta ambaci wannan da kansa. Haka wadda ta yi istihara ta yi aure, auren ya zo da wahala. Sau da yawa sai ka ji ana cewa "ai istiharar ba ta ci ba". Ba a yi mata alkawarin rayuwa marar gargada ba tun farko. An yi mata alkawarin cewa ba ita kaɗai ta yanke hukunci ba.

Istihara kuma ba ta ɗauke shawara da bincike. Faɗima 'yar Ƙais ta zo wa Manzon Allah (SAW) bayan ta gama idda, ta ce Mu'awiya da Abu Jahm sun fito neman aurenta. Bai ce ta je ta kwanta ta ga abin da za a nuna mata ba. Ya gaya mata abin da ya sani game da su: Mu'awiya ba shi da dukiya, Abu Jahm kuwa ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa. Sannan ya nuna mata Usama ɗan Zaid. Mu kuwa idan aka zo bincike a unguwa, sai kunya ta hana mu faɗin cewa yaron yana shaye-shaye ko ya saki mata biyu da duka, mu ce "ba mu san shi da komai ba sai alheri". Bayan wata shida yarinya ta dawo da kumburarriyar fuska, mu ne kuma a sahun gaba wajen ba ta haƙuri. A aya ta 159 ta Ali Imrana, wadda ta sauka bayan abin da ya faru a Uhudu, jerin a bayyane yake: ka yi shawara da su, idan ka ƙudurta, sai ka dogara ga Allah. Tawakkali na biye da shawara da yanke hukunci.

Wanda zai bar gari ya dubi Hijira da idon mai shiri. A shekarar 622 Manzon Allah (SAW) ya bar Makka da umarnin Ubangijinsa, amma duk da haka an tanadi raƙuma biyu, an ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ haya don ya san hanya, an kwana uku a kogon Sauru, Asma'u 'yar Abubakar ta shirya guzuri, Amir ɗan Fuhaira yana bi da tumaki suna shafe sawu. Da aka isa Madina kuma ba nan take hankali ya kwanta ba. Zazzaɓi ya kwantar da Abubakar da Bilal, Bilal yana ta waƙen begen kwarurukan Makka, har Manzon Allah (SAW) ya roƙi Allah ya sa musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye. Ina so ɗalibar da aka kawo Samaru daga wani gari mai nisa, take kuka a ɗakin kwana a makon farko, ta san wannan. Haka amaryar da aka kai Legas, da sojan da aka tura inda bai san kowa ba. Kewar gida ba raunin imani ba ce, manyan sahabbai sun yi ta. Ga wanda ya gama bautar ƙasa ya dawo ɗakin da ya bari a gidansu, takarda a hannu babu aiki, akwai Abdurrahman ɗan Auf, wanda ya iso Madina ba shi da komai, ɗan'uwansa na Ansar ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa Abdurrahman ya yi masa addu'a ya ce a nuna masa kasuwa.

Sai sauyin da ke faɗo wa mutum ba sallama, kuma babbansa mutuwa. A nan ne muka fi ɓata ma'anar haƙuri. Mace ta rasa mijin da suka shekara talatin tare, hawaye na zuba, sai a ce "haba Hajiya, ke da za ki ba yara haƙuri? Kukan nan azaba ne gare shi." Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi da maganar da ke nuna ƙin hukuncin Allah. Hawaye kuwa, Manzon Allah (SAW) ya zubar da su ranar da ɗansa Ibrahim ke barin duniya, ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Annabi Yaƙubu, wanda ya ce haƙuri kyakkyawa zai yi, shi ne Alƙur'ani ya ce idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusufu. Shekarar da Nana Hadiza da Abu Ɗalib suka rasu ma har yau da sunan shekarar baƙin ciki aka san ta a littattafan tarihi. Duk wanda ya hana mai makoki kuka da sunan addini ya ɗora masa abin da Annabawa ba su ɗora wa kansu ba.

Takaba wata huɗu ce da kwana goma, kamar yadda ya zo a aya ta 234 ta Baƙara, mai ciki kuwa sai ta haihu. Za ta zauna a gidan da mijin ya bar ta, ta bar ado da turare da kwalli da lalle, kuma tana iya fita da rana don buƙatar da ta zama dole, kamar asibiti ko neman abinci. Sauran abubuwan da ake ƙarawa a wasu gidaje, wai ba ta wanka sai ranar Juma'a, ba ta ɗaga murya, sai ta riƙa yawo da 'yar wuƙa, al'ada ce kawai. Abin lura shi ne tsawon lokacin. Ga rasuwar kowa ban da miji, kwana uku aka yarje wa mace ta yi zaman juyayi. Ga miji aka ba ta kimanin kwana 130, ba mai ɗaura mata aure, ba mai tayar da ita daga ɗakinta. Shari'a ta san wannan rauni ba ya warkewa a mako guda.

Mu ne ba mu sani ba. Ana cika gida ranar uku da bakwai, wasu su dawo ranar arba'in (malamanmu sun yi saɓani a kan waɗannan sadakoki, ba kuma shi ne zancena a yau ba), daga nan ƙafa ta ɗauke. A kwanakin cikar ma sau da yawa gidan mamaci ne ke ɗora tukunya don baƙi, alhali lokacin da labarin shahadar Ja'afar ya zo daga Mu'uta, cewa aka yi a yi wa iyalan Ja'afar abinci domin abin da ya shagaltar da su ya zo musu. Ainihin wahalar mai takaba a wata na biyu take farawa: mai gidan haya ya aiko, an koro yara kan kuɗin makaranta, 'yan'uwan miji sun fara zancen takardun fili. Tana da tumunin takaba, wato ɗaya bisa takwas idan akwai 'ya'ya, ko ɗaya bisa huɗu idan babu, kishiyoyi su raba a tsakaninsu, kuma sai an biya bashi da wasiyya kafin a raba gado. Mata da yawa ba su san wannan dalla-dalla ba, waɗanda suka sani kuma kunya ta hana su magana. Malamin da ya koya mata addu'ar Ummu Salama, wadda ta ce Allah ka ba ni lada a musibata ka musanya mini da mafi alheri, ya yi abu mai kyau ƙwarai. Ummu Salama kanta ta faɗe ta tana tunanin wa zai fi mijinta Abu Salama da ya rasu, sai ga ta a ɗakin Manzon Allah (SAW). Amma aikin malamin bai cika ba sai ya zaunar da magada ya karanta musu ayoyin gado na Suratun Nisa'i.

Saki ya fi wannan muni a wurinmu, domin a nan hukuncin ma kansa muka jefar. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce kada ku fitar da su daga gidajensu, kada su ma su fita. Matar da aka yi wa saki ɗaya ko biyu a ɗakinta za ta yi idda, tsarki uku a mazhabarmu ta Malikiyya, ci da sha da wurin kwana duk a wuyan miji, kuma yana iya mai da ita kafin iddar ta cika ba tare da sabon sadaki ba. Ayar ta faɗi hikimar da kanta: ba ka sani ba, ko Allah zai fito da wani al'amari bayan haka. Fushi na sauka, manya su shiga tsakani, a tuna yara. Me muke yi? A rubuta takarda da daddare, yanzu ma har ta saƙon waya, kafin gari ya waye an kira mota ta kwashe kaya. Iyayenta ma su ce ba za ta ƙara kwana a gidan da aka wulaƙanta ta ba. Lokacin da Allah ya yanka don a huce, mu muka soke shi, sannan mu dawo muna neman malamin da zai nemo mana ƙofa bayan an furta uku. Renon yara ma haka. A Malikiyya uwa ce ta fi cancanta da shi, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, muddin uwar ba ta auri bare ba, kuma ciyarwa na kan uba. Bazawarar da aka raba da ɗan shekara uku aka ce ta yi haƙuri, zalunci aka yi mata aka rufe da kalma mai kyau.

Akwai wani sauyin da ake hango shi tun daga nesa amma yana kayar da mutane, wato ritaya. Ma'aikacin gwamnati na ajiye aiki idan ya kai shekara 60 ko ya yi 35 yana aiki, farfesa kuwa sai 70, kuma gari mai makarantu da ma'aikatu kamar Zariya cike yake da irin waɗannan dattawa. Jiya ana "Yallaɓai" ana "ranka ya daɗe", yau waya ta yi shiru, an bar gidan ma'aikata, ana jiran fansho da giratuti. Abin da ake ce masa shi ne "sai a riƙe carbi, a koma ga Allah", kamar dā can ba tare da Allah yake ba, kamar kuma babu abin da ya rage sai jiran likkafani. A Suratush Sharh cewa aka yi idan ka gama, to ka sake dagewa. Zauren karatu a Unguwar Juma da Kona bai taɓa korar mai furfura ba, dattijo na iya ɗaukar littafinsa ya zauna gaban malam kamar kowa. Wanda ya shekara talatin yana koyar da lissafi, Islamiyyar unguwarsu na buƙatarsa. Tsohon akawu zai iya gyara lissafin asusun masallaci, tsohon alƙali ya yi sulhu, mai sauran ƙarfi ya gangara fadamar Galma. Uwargida ma a tuna da ita, domin ita ma rayuwarta ta sauya ranar da maigida ya fara wuni a gida.

Wani lokaci kuma abin ya wuce nasiha. Idan mutum ya haura mako biyu ba barci, ba cin abinci, ya daina jin daɗin komai, ya ƙaurace wa mutane, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta, to ciwo ne, kuma yana da magani. Yana kama mai jego, yana kama wanda ya yi karayar arziki, yana kama mai yawan ibada. Saurin cewa sammu ne ko jifa ko aljanu ya sa an ɓata watanni ana yawo da marasa lafiya, wasu har a rasa su. A yi addu'a, a yi tofi da abin da ya tabbata, a kuma kai shi ga likita. Asibitin koyarwa na Shika na da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna. Nana A'isha ma idan aka yi rasuwa takan sa a dama talbina, wani kunu na sha'ir, a ba masu makoki, ta ce ta ji Manzon Allah (SAW) yana cewa tana kwantar da zuciyar majinyaci tana kuma rage baƙin ciki. Jiki na da nasa rabo a cikin jinyar zuciya. 'Yan'uwanmu Kirista na Wusasa da Sabon Gari ma wannan gaɓar ta shafe su daidai da mu, kuma fasto nagari, kamar limami nagari, ya san inda addu'a ke buƙatar rakiyar likita.

Duk wanda ya fara karatun zaure ya haddace maganar nan ta farkon littafin Ahalari, cewa bai halatta mutum ya aikata wani aiki ba sai ya san hukuncin Allah a cikinsa, ya kuma tambayi malamai. Tambayar ita ce wane malami. Wanda ya dace da mai irin wannan hali shi ne wanda zai saurara kafin ya yi magana, ya tambayi yadda aka furta sakin da lokacin da aka furta shi, ya riƙe sirri, ya iya cewa "ban sani ba" kamar yadda aka san Imamu Malik da yi, ya tura mutum wurin alƙali ko likita idan abin nasu ne. Wanda ya fara da gaya maka wanda ya yi maka asiri a cikin danginka, ko ya yanka maka farashi, tashi ka ba shi wuri.

Matsalar ita ce waɗanda suka fi buƙatar irin wannan malami su ne suka fi nisa da shi. Mai takaba ba za ta je zaure ba. Mai idda ba za ta iya buɗe wa namiji duk abin da ke cikinta ba. Nana Asma'u 'yar Shehu ta gane wannan tun a ƙarni na 19, shi ya sa ta horar da jajis, mata masu ilimi da ke jagorantar 'Yan Taru, suna kai karatu ga mata har ƙauyukansu. Zariya ta yau ba ta rasa malamai mata ba, Islamiyyun matan aure sun yaye su da yawa, jami'a ma ta yaye masu digiri a Shari'a. Abin da babu shi ne tsari. Kwamitin masallacin unguwa da ya iya tara kuɗin gyaran rufi zai iya rubuta sunayen gidajen da aka yi rasuwa ko saki a cikin wata, a san malamar da za ta shiga wurin matar a wata na biyu da na uku, a san wanda zai leƙa makarantar yaran, a kuma san dattijon da zai zauna a gefenta ranar rabon gado.